Rilwanu Mai Digiri da Walimar Ɗan Fari

Duk mai zama majalisar shayi ta bakin tashar jirgi a Ƙauran Namoda ya san Rilwanu. Wanda bai san fuskarsa ba ma ya san muryarsa. Tun da ya dawo daga bautar ƙasa da digirinsa na Turanci bakin nan bai huta ba, kunnuwan bayin Allah ma ba su huta ba. Shayi zai huce a hannunsa har ƙuda ya faɗa ciki, shi kuwa yana nan yana jero wa mutane ayyukan da ke jiransa.

"Ku ba ku gane ba ne," in ji shi. "Wanda ya karanta likitanci, likita kawai zai zama, shi ke nan an ɗaure shi. Amma mu da muka karanta Turanci? Gidan rediyo namu ne. Jarida tamu ce. Banki, ofishin jakadanci, tafinta, kamfanin waya, duk mu suke jira. Ni fa yanzu matsalata zaɓe ce."

Dalhatu abokinsa, mai shagon cajin waya, ya ce, "To ka zaɓi guda mana, Furofesa, ka bar wa sauran talakawa saura."

"Ni ba na gaggawa. Su za su neme ni."

Ba su neme shi ba. Wanda ya neme shi kawunsa ne, Malam Zubairu, tsohon hedimasta, wanda ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa. Kawu ya kira shi zaure ya shaida masa cewa mutanen Gurbin Bore sun haɗa ƙarfi sun gina makaranta da hannunsu, suna neman malamin Turanci, kuma shi ya riga ya ba su sunansa.

Rilwanu ya dafe ƙirji. "Gurbin Bore? Kawu, alli? Ni? Ina laifin ko Gusau?"

"Allin nan shi ya ciyar da kai har ka yi wanga baki," in ji Kawu. "Na ba ka nan da a koma makaranta. In ka samo wanda ya fi shi, Allah shi sanya albarka. In ba ka samo ba, ni da kaina zan aza ka bisa mota."

Gaskiya Rilwanu ya tsorata. Mutumin da ya gama shaida wa Ƙaura kaf cewa za su riƙa jin muryarsa a rediyo, a ce an gan shi yana kaɗa ƙararrawa yana raba faɗan yara a kan fensir? Da wane ido zai dubi majalisa? Sai ya tashi neman aiki haiƙan, amma irin nasa neman.

Da jarida ya fara. Ya ce ba sai wani gidan rediyo ya ɗauke shi ba, rahoto guda zai haɗa mai zafi, su da kansu su biyo shi da takarda. Ya ja Dalhatu a matsayin mai ɗaukar hoto, suka hau mota sai karar shanu ta Zurmi. Ya duba, ya duba, ya zaɓi wani dattijon makiyayi mai malafa, ya tura masa waya har bakin gemu.

"Baba, faɗa wa masu sauraro, shanunka nawa ne duka-duka? Kuma a wane daji suke kwana?"

Jama'a! A wannan zamani, a Zurmi, ka tambayi makiyayi yawan shanunsa da inda suke kwana, ga wani a gefe yana ɗaukar fuskarsa a waya! Dattijo sandarsa kawai ya sauke daga kafaɗa. Wani dillali ya ce, "Wa ya aiko ku?" Wani ya ce, "A riƙe su!" Kafin Rilwanu ya gama bayanin 'yancin 'yan jarida, Dalhatu ya kai bakin titi. Shi ma ya rufa masa baya, ya bar wa kara takalmi ƙafa ɗaya.

Da yamma a majalisa, yana jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ya ce, "Kun gani? Abin da ya sa ake girmama mu ke nan. Aikin jarida sai mai zuciya. Amma na lura albashinsu bai kai matsayina ba."

Ana cikin haka labari ya zo cewa Alhaji Labbo na Shinkafi yana neman kakaki. Alhaji Labbo Bafillacen garin Katuru ne da ya taso cikin shanu, ya koma fataucin shinkafa, har Allah ya buɗa masa ya kafa injin casa. Mutum ne da magana ke yi wa wuya. Mutanen banki da fataken kudu sun dame shi da dogon Turanci, shi ya sa yake son wanda zai riƙa tsaya masa.

Ran Alhamis, ranar kasuwar Shinkafi, Rilwanu ya dira rumfar Alhaji. Ya yi magana tun ana auna buhun farko har aka kira azahar. Alhaji yana jan carbi yana kallonsa. Da ya ga yaron ya tsaya haɗiyar yawu, sai ya samu ya sa baki.

"Akwai walima ran Asabar, ta yaron nan da ya gama karatun likita. Ka zo ka riƙe lasifika mu gani."

Iyakar abin da Alhaji ya faɗa ke nan. Amma kafin Rilwanu ya iso Ƙaura maganar ta zama an ɗauke shi aiki, da ofis, da fanka, ana ma maganar mota.

Ana gobe walima, mai walimar da kansa ya kira shi a waya. Dakta Hashimu ke nan, ɗan Alhaji Labbo, saurayi mai sanyin murya.

"Abokina, abu guda nike roƙo. Ni ne ɗan fari a gidanmu. Don Allah kada ka haɗa ni da Alhaji wuri guda, kada ka sa shi maganata. Hajiya ma haka. Baffa Muhtari, ƙanen Alhaji, shi ke tsaya mini a kan komi. Shi za ka ba magana."

To, wannan ba baƙon abu ba ne a wurin kowa. Alkunyar ɗan fari ce. Iyaye ba su kiran sunansa, ba su zama kusa da shi, ba su yabonsa a gaban mutane, ko da son sa zai kashe su. A gidan Fulani kuwa abin ya fi tsanani. Tun da aka haifi Hashimu ba wanda ya taɓa jin sunan nan a bakin Alhaji Labbo, sai dai "yaron nan" ko "na wajen Muhtari". Rilwanu ya san haka sarai, a cikin al'adar ya tashi. Sai dai ranar bikin yaye su a jami'a ya ga wata mata ta rungume ɗanta tana kuka, an ɗauka a waya, duniya ta yi ta kallo. Tun ranar abin ke ransa.

"Haba Dakta, kai ma da iliminka?" in ji shi. "Kwantar da hankalinka. Ka faɗo hannun ƙwararru."

Yana kashe waya ya juya wurin Dalhatu. "Gobe, da ka ga uba ya rungume ɗa, ka matso da waya. Kafin magariba duniya ta san injin Alhaji. Wannan shi ake kira hulɗa da jama'a, kwas guda muka yi a kai."

"Furofesa, ni fa ƙafata ba ta gama warkewa daga Zurmi ba."

"Matsoraci. Wannan karon ba sanda."

Ran Asabar aka kafa rumfuna a ƙofar gidan Alhaji. Malamai da dattawa a gaba, 'yan kasuwa a tsakiya, samari a baya, dangin Katuru sun zo da sandunansu sun zauna a tabarmi. Mata suna cikin gida wurin tukwane. Rana ta bazara tana dukan ƙasa, sai ga Rilwanu cikin baƙar kwat ta aro, ya shaƙe wuya da laktaye ja, gumi na bin kunnensa. Aka miƙa masa makirufo marar igiya, irin wanda duk inda ka shiga da shi lasifika na biye da kai.

"Ledis an jentulmen!"

Ya saki Turanci. Ya yi ta zuba, yana ɗaga yatsa, yana dangale ƙafa. Dattawa suka yi haƙuri irin nasu. Wani tsoho daga Katuru ya karkata wurin na kusa da shi ya ce, "Allah dai shi sa alheri yaka faɗi." Liman ya yi gyaran murya har ya gaji, sannan aka ba shi dama ya buɗe taro da addu'a.

Muhtari ya gyara riga zai miƙe, don an san shi ne mai jawabi. Rilwanu ya wuce shi kamar bai gan shi ba, ya je ya tsaya a gaban Alhaji Labbo.

"Jama'a, yau za mu kafa tarihi. Ranka ya daɗe, faɗa wa wannan taro da bakinka, wa muka taru mu karrama?"

Alhaji ya dubi takalminsa.

"Yaron nan," in ji shi can ƙasa.

"Wane yaro? Ba mu ji ba!"

"Yara suna da yawa a gidan. Ka tambayi Muhtari, shi ke da ɗa."

"A'a, ranka ya daɗe, sunansa muke so! Jama'a, ku tafa wa Alhaji har sai ya faɗa!"

Samarin baya, da ma abin dariya suke nema, suka kaure da tafi da fito. Muhtari ya jawo bayan kwat ɗin Rilwanu ya ce masa a kunne, "Kai, ɗan fari ne fa. Ba ka da hankali?" Ya manta makirufo na kusa, maganar ta fita a lasifika har bakin kasuwa.

"Wannan tsohon yayi ne, Baffa," in ji Rilwanu. "Yau za mu 'yantar da soyayyar uba da ɗa. Ina Dakta?"

Dakta yana can ƙarshen rumfa ya ɓuya a bayan abokansa. Rilwanu ya je ya kamo hannunsa ya jawo shi. Da suka kusa, Hashimu ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa, kansa a ƙasa. Rilwanu ya ɗago shi. Ya sake durƙusawa. Ya sake ɗago shi, ya tura shi gaba. Alhaji ya ja kujerarsa baya. Aka matso, ya ƙara ja. Aka ƙara matsowa, sai ya ɗaga kujerar gaba ɗaya ya juya ta, ya ba taro baya, ya fuskanci bango yana jan carbi da sauri.

"Kunya ce ta maza," in ji Rilwanu, ko a jikinsa. "Bari mu ji daga bakin uwa. Uwa ba ta iya ɓoye abin da ke ranta."

Kafin wani ya tare shi ya faɗa zaure, ya wuce soro na biyu, sai tsakar gida. Namiji baligi, baƙo, cikin kwat, a tsakiyar matan aure! Daga waje ba a ganin komai, amma lasifika ba ta ɓoye wa kowa komai ba.

Da fari aka ji salati. Sannan aka ji ƙarar faranti. Sannan muryar Rilwanu: "Ina Hajiya Saude, mahaifiyar Dakta? Hajiya, yaya kika ji a zuciyarki ranar da kika haifi..."

"La'ilaha illallahu! Ni ban haifi kowa ba! Ni ban san shi ba! Ku fitar mini da wanga mai igiya a wuya!"

"Hajiya, kalma ɗaya kawai, ki ce ina alfahari da..."

Tim!

Wannan muciya ce, kowa a rumfa ya gane sautinta. Aka ji ta biyu. Aka ji wata tsohuwa tana cewa, "Ku bar mini shi, ni ke da jika!" Aka ji ruwa ya watsu. Dattawa suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Liman ya rufe baki da gefen rawani, wai tari ne ya sarƙe shi.

Sai ga Rilwanu ya fito a guje, ruwan wankin shinkafa na ɗiga daga kwat, ɓawon albasa a kafaɗa, laktaye ya koma ƙeya. Mai hankali da nan ya nemi hanyar tasha. Shi kuwa da ya tuna Gurbin Bore da ƙararrawa, sai ya ji in bai ci wannan wasa ba ya mutu.

"Hajiya ta cika da farin ciki har ta kasa magana!" ya sanar. "Yanzu sai babban abu. Alhaji zai tashi ya rungume ɗansa a gaban duniya! Dalhatu, matso!"

Ya kama hannun Hashimu da dama, ya miƙa hagu zai kama na Alhaji.

Wallahi tun da mutanen Shinkafi suka san Alhaji Labbo ba su taɓa ganin ya ɗaga ƙafa da sauri ba, ko ruwa ake yi. Ran nan ya tattare babbar riga ya saɓa a kafaɗa, ya tsallake tabarmar mutanen Katuru, ya bi lungun dama a guje kamar yaron da ya tsinko mangwaron maƙwabta. Hashimu ya fizge hannunsa ya bi lungun hagu, ba takalmi. Kowannensu dabara ɗaya ya yi, ya zagaya ya shige gida ta ƙofar baya inda ake fitar da awaki. Ba wanda ya san ɗayan ma can ya nufa.

Rilwanu ya bi bayan Alhaji yana kiran, "Ranka ya daɗe, minti ɗaya!" Dalhatu ya bi Rilwanu da waya. Samari suka bi Dalhatu.

A daidai kusurwar bayan gida uba da ɗa suka yi karo, gaba da gaba. Hular Alhaji ta yi sama. Ya tafi zai faɗi a kan turken awaki, Hashimu ya yi wuf ya tallabe shi da hannu biyu ya riƙe gam a ƙirjinsa. Daidai nan Rilwanu ya iso ya zura makirufo a tsakaninsu. Alhaji kuwa a ruɗe yake, bai san abin da ke fita bakinsa ba.

"Hashimu, sake ni!"

Lasifika ta ɗauka ta watsa wa unguwa.

A cikin gida aka ji tsofaffi sun ɗauki salati. Hashimu ya saki mahaifinsa a hankali ya durƙusa, hawaye na zubo masa, don tun da ya zo duniya yau ya fara jin sunansa a wannan bakin, kuma shi kansa bai san daɗi yake ji ko kunya ba. Alhaji ya tsaya ba hula, ya rasa inda zai sa idonsa. Duk wanda ke wurin ya tausaya masa.

Ban da mutum ɗaya.

"Ya faɗa! Jama'a, ya faɗa! Kun ji da kunnenku! Dalhatu, ka ɗauka? Wannan shi ne aikin ƙwararru!"

Muhtari ya zo ya zare makirufo daga hannunsa kamar mai ƙwace wuƙa a hannun yaro, ya kashe. Wani ya miƙo wa Alhaji hula. Ya karkaɗe ta, ya sa, ya daidaita, sannan ya dubi Rilwanu. Bai ɗaga murya ba.

"Yaro, ni mai yi mini magana nike nema, don in samu in yi shiru. Kai kuwa rana guda ka sa na faɗi abin da ban taɓa faɗi ba, ka sa na yi gudun da ban taɓa yi ba. In ka yi wata guda wurina, mi za ya rage gare ni?" Ya juya wurin ƙanensa. "Muhtari, a ba shi abinci. A raka shi tasha tun da sauran rana."

Mutanen Katuru ne suka raka shi, da sandunansu a kafaɗa. Bai taɓa jin tasha ta yi nisa irin na ran nan ba.

Abu ɗaya dai Rilwanu ya faɗa daidai, hoton ya zagaya. Dalhatu ya rantse mutum ɗaya kawai ya tura wa, amma duk wanda ya kawo caji shagonsa da shi yake komawa. Har a keke napep za ka ji yara na cewa, "Ku fitar mini da wanga mai igiya a wuya!" Rilwanu ya daina zuwa majalisa, wai yana nazari.

Da hutu ya zo ƙarewa ya shiga zaure ya sami Kawu Zubairu yana sauraron rediyo. Ya zauna, ya gyara murya, ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

"Kawu, na yi dogon tunani. Birni ya cika da 'yan hassada. Karkara ce ke buƙatar mutum irina. Na amince, zan je Gurbin Bore in taimaka musu."

Kawu ya rage muryar rediyo. "Ai ko sun aiko jiya."

"Ka gani! Sun matsu in zo."

"Sun ga hoton. Dattawansu sun zauna a kai. Sun ce Turanci kam suna so, ba su fasa ba. Amma duk cikinsu ba wanda bai da ɗan fari a makarantar nan, kuma mafi yawansu tsofaffi ne, ba su da ƙafar gudu irin ta Alhaji Labbo. Sun ɗauki wata Zulaihat, sun ce ajinku guda a jami'a. Har ta kai kayanta."

Rilwanu ya sauke ƙafa. Rediyo na ta ƙananan maganganunsa, Kawu na kallon ƙofa. Can dai ya matso kusa, ya yi ƙasa da murya yadda ba a taɓa jin ta ba.

"Kawu, don Allah, a cikin sanayyarka, ba wani ƙauyen da waya ba ta kai ba?"